Ranar da Aka Yashe Rijiyar Gidanmu

Haihuwata ta fari ce ta jawo aka yashe rijiyar gidanmu na Tudun Ƙofa. Na dawo gida wanka a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Keffi ke hana mutum sakat. Famfo ya daɗe bai kawo ruwa ba, masu turo ruwa a kura kuma sai an bi su da lallashi. Ni kuwa safe da yamma sai an tafasa mini babbar tukunya. Kafin a yi mako uku rijiyar ta gaza. Guga zai sauka ya daɗe yana lilo, ya dawo da rabin ruwa rabin laka.

Rijiyar tana can ƙuryar gida, bayan madafa, kusa da bishiyar lemun tsami. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an shiga cikinta ba, kuma dalilin hakan Gwaggo ce, yayar babanmu. Mace ce doguwa mai kaifin murya, wadda kowa a gidan ke shakka. Ko lokacin da take gidan mijinta, da zarar ta ji an fara zancen yasa sai ga ta da mayafi a kafaɗa. Ta ce rijiyar tana da masu ita, ba sa son a dame su. Ta ce ta taɓa mafarkin wata farar mata zaune a bakin rijiyar tana gargaɗi. Da mijinta ya rasu ta dawo gida da zama, sai maganar ta mutu gaba ɗaya. Mu yara mun tashi muna sallama kafin mu zura guga.

Gwaggo ce ke yi mini wanka. Ana cikin wannan wahalar ruwa sai biki ya taso a Akwanga, na 'yar ƙawarta, ta ce za ta kwana biyu. Motarsu ba ta gama fita gari ba babanmu ya ɗauko waya ya kira masu yasa.

"Idan ta dawo fa?" in ji mamanmu.

"Ta tarar da ruwa," in ji shi. Amma na lura da ya faɗa sai da ya waiwaya ƙofa.

Washegari da sassafe suka zo, su uku, da igiyoyi da bokitai. Ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, biyu suna ja. Kaka, mahaifiyar su babanmu, ta sa aka kai mata kujerarta gindin lemun tsami. Ta tsufa ƙwarai, ƙafa ta ƙi, amma idonta da bakinta ba abin da ya same su. Ni ma na rungumo jaririyata na zauna kusa da ita, don na gaji da zaman ɗaki.

Da farko laka ce kawai ke fitowa, baƙa mai wari. Can sai kaya suka fara biyo ta. Tsofaffin gugan roba sun fi goma. Ƙugiyar da aka taɓa zurawa don ciro guga ita ma ta fito. Ga cokula, ga takalmin yaro wari guda, ga tocila, ga kan 'yar tsanata da na yi kwana uku ina kuka a kanta. Duk abin da aka zube, Kaka sai ta sa a ɗauraye a miƙo mata.

"Ludayina na ƙarfe!" ta ce. "Shekara guda na yi ina harara maƙwabciyarmu a kan ludayin nan. Allah ya ji ƙanta, ashe baiwar Allah ba ta san hawa ba."

Muna ta dariya. Wajen azahar na cikin rijiyar ya ɗago murya ya ce a ja a hankali, akwai wani abu mai nauyi. Da bokitin ya iso sai ga wani akwati kamar bulo, laka ta rufe shi. Aka watsa masa ruwa. Maɗauki ya bayyana, sai eriya a lanƙwashe, sai ragowar rigar fata da ta ruɓe ta manne a jikinsa.

Kaka ta daina dariya. Babanmu ya tsuguna ya goge gaban abin da babban yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Inna," ya ce, "rediyon Malam ne."

Sai na yi bayanin rediyon nan, don duk wanda ya tashi a gidanmu ya san shi ko da bai taɓa ganinsa ba. Malam shi ne kakanmu. Ya rasu tun ina goye. Daga aikin hajji ya zo da rediyon, kuma a lokacin babu irinsa a layinmu. Ba mai taɓa shi sai shi. Bayan magariba yakan fito da shi ƙofar gida, dattawa su kewaye shi a ji labarin duniya. Wata rana aka nemi rediyo aka rasa. Wani maƙwabci ya ce ya ga babban ɗan Malam ya fita da shi a ƙarƙashin riga. Babban ɗan nan shi ne Baffa, yayan Gwaggo da babanmu, lokacin yana saurayi. Malam ya tambaye shi sau uku ina rediyo, Baffa ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Malam ya yanke cewa sayarwa ya yi. Ya faɗa masa maganar da ba a maimaita ta a gidanmu, Baffa ya tattara kayansa ya koma wurin kawunsa a unguwar Gangaren Tudu. Karatun da ake shirin tura shi ya tashi a nan. Ya zama yaron mota, daga baya direba, a can ya yi aure ya gina gida.

Baffan da na sani mutum ne mai fara'a, mai ƙaton ciki da son ƙwallo. Duk Juma'a yakan zo gaida Kaka, ya tsuguna a bakin ƙofarta, ya raba mana alewa. Amma ban taɓa ganin ya ci abinci a gidanmu ba. Ko ruwa aka kawo sai ya ce yanzu ya sha. Mun kuma san idan yana nan ba a kunna rediyo.

Babanmu ya kira shi a waya, bai gaya masa komai ba, ya ce dai ya zo Inna na nemansa. Bayan la'asar ya iso a kan babur ɗinsa, hankali a tashe, yana zaton jikin tsohuwa ne. Aka nuna masa abin da ke kan tabarma.

Baffa ya tsaya. Ya cire hula, ya mayar. Ya zauna a ƙasa daɓas, abin da ban taɓa gani ba.

"A ina?"

"A rijiya," in ji Kaka. "Ashe ba ka sayar ba. Me ya hana ka buɗe baki ka faɗa, shekara arba'in?"

"Inna, ai ni na ɗauka," in ji Baffa. "Wannan kam gaskiya ne. Ranar ana buga wani babban wasan ƙwallo, na kai shi shagon da abokina ke koyon ɗinki muka saurara. Da muka dawo sai na jiyo muryar Malam a tsakar gida. Na tura shi bayan buhunan dawa a zaure, na ce in ya fita masallaci zan mayar. Da na dawo babu shi. Ba wanda ya ga inda na ajiye sai abokin nan nawa." Ya nuna rediyon da hannu. "To ni a zaure na bar shi. Wa ya kai shi rijiya?"

Mamanmu ta ce ko masu rijiyar ne suka ɗauka, babanmu ya harare ta. Aka yi ta kawo sunayen mutanen da suka zauna a gidan a wancan zamani, yawancinsu sun rasu. Kowa da nasa hasashen.

Ana cikin haka muka ji sallamar Gwaggo. Ta dawo kwana ɗaya kafin lokacin da ta ɗiba, da ledar kayan biki a hannu. Ta ga tulin laka a tsakar gida, ta ga igiyoyi. Ta buɗe baki za ta fara, mu duka mun shirya wa abin da zai biyo baya, sai idonta ya sauka a kan tabarma. Bakin ya rufe.

"Kaina ke ciwo," ta ce. "Hanyar nan ba kyau." Ta shige ɗakinta ta ja labule.

Na dubi Kaka, Kaka ta dube ni. Sai ta karɓi jaririyar daga hannuna tana yi mata wasa.

Da safe Gwaggo ta tashe ni wanka kamar kullum. Ruwan sabuwar yasa ne, an bar shi ya kwanta. Na zauna a kan turmi, ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fara fyaɗa mini. Kullum tana yi tana faɗa, wai 'yan matan yanzu ba mu da juriya. Ran nan shiru. Ta fyaɗa sau biyar ko shida, sai ta tsaya da ganyen a hannu.

"Ke 'yar nan, kin iya riƙe magana?"

"Gwaggo, ruwan zai huce."

"Ni ce," ta ce.

Ban juyo ba, don na san in na kalle ta ba za ta ƙarasa ba.

"Inna ce ta aike ni zaure in ɗebo dawa. Na sa hannu bayan buhu na ji abu. Shekarata goma sha huɗu. Ban taɓa riƙe shi ba, ko kusa da shi ba a bari mu je. Na ce bari in ji waƙa ɗaya tak in mayar. Na naɗe shi a zane na zagaya bayan madafa inda ba kowa. A ƙasa sai shuu yake yi, da na ɗora shi a bakin rijiya sai murya ta fito tas. Ana ta gaishe-gaishe, aka sako wani kiɗa." Ta sassauta murya. "Rawa na yi."

"Ke, Gwaggo?"

"Ni ɗin. Kin ɗauka haka aka haife ni da ciwon gwiwa? Ina cikin juyi na ji tarin Malam. Na zabura zan kashe, gwiwar hannuna ta buge shi. Wallahi 'yar nan yana tafiya yana waƙa. Har ya kai ƙasa ina jin kiɗan, sannan na ji tsulum."

Na yi iya ƙoƙarina. Na cije leɓe, na tuna jaririyata, na tuna Baffa zaune a ƙasa. Dariyar ta ƙwace. Gwaggo ta tsoma ganye ta fyaɗa mini mai zafi a gadon baya, sai kuma na ji ita ma tana yi, irin dariyar da hawaye ke biye da ita.

"Na so in faɗa," ta ce da ta natsu. "Ranar da Malam ke tambayar Yaya ina bayan ƙyaure. Na ce idan ya ce ba shi ba ne, zan fito. Sai ya yi shiru. Na ce gobe. Gobe ta yi ya bar gida. Da Malam ya kwanta ciwon ajali na shiga da niyyar faɗa, ya kama hannuna yana sa mini albarka, wai ni ce ban taɓa ɓata masa rai ba. Ta ina zan fara?"

"Farar matar fa, ta mafarki?"

"Wace farar mata? Ni na ƙirƙiro kayata."

Ta ce in rufa mata asiri zuwa azahar, da bakinta take so a ji. Haka aka yi. Ta sa aka sake kiran Baffa. A ɗakin Kaka ta durƙusa a gabansa, ita da ko gaisuwa a tsaye take yi wa mutane, ta faɗi duk abin da ta faɗa mini, har da rawar.

Kaka ta riga kowa magana. "Tun jiya na gane. Ke da ba a taɓa ganin bakinki a rufe ba."

Baffa bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba.

"Tashi," ya ce. "Ni ba ki yi mini komai ba. Da ban fitar da shi daga ɗakin Malam ba, da ba ki gan shi ba. Abin da ya same ni na ɗauka hakkina ne, shi ya sa ban taɓa musu ba. Amma akwai wanda muka zalunta ni da ke."

Sai a lokacin muka ji ragowar labarin. Ranar da ya bar gida, kafin ya wuce Gangaren Tudu, sai da ya biya shagon ɗinkin nan. A gaban maigidan shagon da masu jiran kaya ya kira abokinsa ɓarawo. Abokin ya rantse, Baffa ya tofar da yawu ya tafi. Tun daga ranar ba su sake magana ba. Mutumin yana nan a unguwar Yara da shagonsa. Sukan haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, kowa ya kau da kai.

"Gobe za mu je," in ji Baffa. "Da ni da ke da rediyon."

Gwaggo ta ce to. Ban taɓa jin ta ce to da sauri haka ba.

Na nace sai an tafi da ni. Mamanmu ta ce mai jego ba ta yawo, Kaka ta ce a bar ni, ai ruwan wankana ne ya tono maganar. Muka ɗauki keke mai ƙafa uku da hantsi, ni da Gwaggo a baya da rediyon a cikin buhu, Baffa a gaba kusa da direba yana nuna masa hanya kamar ba ɗan gari ba.

Shagon ƙarami ne, a bakin wata kwana, an rataye dogayen riguna a ƙofa. Telan siriri ne, gashinsa fari fat, tabarau a kan hanci, tef a wuya. Ɗan ƙabilar Mada ne, kuma duk da a Keffi ya girma, harshensu na nan a cikin Hausarsa. Da ya ga Baffa sai ƙafarsa ta tsaya a kan keken ɗinki.

Baffa ya yi sallama. Telan ya amsa a taƙaice. Baffa ya zazzage buhun a kan teburin yanka.

Telan ya gyara tabarau ya leƙa. "Mene ne wannan?"

"Rediyon Malam. A rijiyar gidanmu aka samo shi shekaranjiya."

Gwaggo ta matso ta yi nata bayanin. Wannan karon ta so ta tsallake rawar, Baffa ya ce ta faɗa duka. Telan yana saurare, bai katse ta ba. Da ta gama sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Uwata ta mutu tana jin ana cewa ɗanta ya saci rediyon Malam," ya ce. "Maigidana bai kore ni ba, amma daga ranar bai sake barina ni kaɗai a shago ba. Ka san wannan, direba?"

"Ban sani ba," in ji Baffa. "Ka yafe mini don Allah."

"A cikin shago za ka faɗa? Wancan karon a waje ka faɗa, da ƙarfi."

Baffa bai yi gardama ba. Ya fita ya tsaya a bakin titi, da ƙaton cikinsa da babbar riga, ya ɗaga murya. "Jama'a, ku saurara! Mutumin nan ba ɓarawo ba ne! Ni ne na yi masa ƙarya!"

Mai sayar da lemu da ke gefe ta saki wuƙa. Masu acaɓa biyu suka tsaya. Wani mai shagon waya ya leƙo ya ce, "Oga, wa ya ce ɓarawo ne? Me aka sace?" Duk layin babu wanda aka haifa lokacin da abin ya faru. Baffa ya shiga yi musu bayani tun daga farko, suna ta tambayar wane irin rediyo ne, me ya sa ba a saurari wasan a waya ba.

Telan ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya riƙe ƙyaure yana dariya har da tari.

"Shigo, direba, ka ishe mu. Ka tara mini mutane kamar ana gwanjo." Ya juya wurin Gwaggo. "Ke kuma Hajiya, naki hukuncin daban. Masar gidanku nake ci kafin a raba ni da ita. Har yanzu ana yi?"

"Ana yi."

"To Juma'a. Da miyar taushe. Kuma a gidan zan ci, ba aike ba."

Juma'ar ta zo, Gwaggo ta tashi tun asuba tana fama da tanda, ba ta bar kowa ya taya ta ba. Bayan an sauko daga masallaci suka shigo tare, Baffa da tela. Telan ya durƙusa ya gaida Kaka, ta kama kansa ta ce ya yafe wa gidan nan. Ya ce ya yafe tun a shago. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Muna leƙe ta taga, ni da mamanmu, muka ga Baffa ya wanke hannu ya sa a kwano. Kaka ta juya fuska bango ta daɗe ba ta juyo ba. Babanmu kuwa ya rasa abin yi, sai ya yi ta kai musu ruwa.

Ba su yi zancen shekarun da suka wuce ba. Wasan ƙwallon nan suka ɗauko, wanda suka saurara ranar, suka kama musu a kan wanda ya ci ƙwallo ta biyu. Har suka tashi ba su daidaita ba.

Gwaggo ta yi kamar mako guda tana magana a hankali. Jikoki suka samu sake, har wani ya tambaye ta ko za ta nuna musu irin rawar. Daga nan ta dawo yadda take, ta bi shi da muciya har zaure.

Da na yi arba'in Baffa ya ce shi zai mayar da ni gidan mijina a Mararraba, ya aro motar wani tsohon yaronsa. Muka loda kaya, ya ce sai mun biya Yara. Telan na tsaye a ƙofar shago da 'yar leda. Riga ce ya ɗinka wa jaririyar, mai ruwan ɗorawa, wadda sai ta shekara biyu za ta cika ta.

"Ba ka auna ba ne?" in ji Baffa.

"Yara girma suke yi. Kai dai buɗe mini gaba, zan raka ku, ina da sayayyar zare a can."

Ya shiga ya zauna. Tun kafin mu hau babban titi ya fara cewa Baffa na gudu da yawa, Baffa na cewa shekararsa nawa yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba. Ni dai na gyara wa 'yata kwanciya a cinya, na bar su. Haka suka yi ta yi har muka isa.